Rumman: Abinci Ne Ko Magani?

Yau zancenmu a kan rumman ne, gama mutane da yawa su kan zo ɗakin magani suna tambaya, wai gaskiya ne yana warkar da hawan jini da ciwon sukari, har da ciwon daji?

Rumman dai ba baƙo ba ne. Asalinsa daga wajen ƙasar Farisa ne, wadda ake kira Iran yanzu, an kuwa ambace shi sau uku cikin Alƙur'ani. Masu lambu a Timiya, cikin duwatsun Azbin, suna noma shi.

Kafin in amsa tambayar, bari mu duba wani abu da kowa ya sani. In ka bar fartanya a waje da damina, sai ta yi tsatsa. In ka yanka gauta ka ajiye, sai wurin yankan ya yi duhu. Man gyaɗa in ya daɗe a buɗe, ɗanɗanonsa ya kan lalace. Duk aikin abu ɗaya ne, watau wani sashi na iska da ake kira oksijin. Ba ma rayuwa in ba shi, gama da shi ne jiki ke ƙona abinci ya sami ƙarfi. Amma wannan wutar tana da tartsatsi. Tartsatsin nan ya kan fāɗa wa ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, ya ɓata su kaɗan kaɗan. Jiki yana da nasa masu gadi da ke kashe tartsatsin. Sai in ya fi ƙarfinsu ne ɓarna ke taruwa. Taba da giya da hayaƙin murhu cikin rufaffen ɗaki duk suna ƙara shi.

To, a cikin rumman akwai waɗansu abubuwa da masana ke kira folifenol, masu kashe irin wannan tartsatsi. Wani shi ke ba 'ya'yan launin ja. Wani kuwa, mai suna funikalajin, shi ke kawo baurin nan da ke kama harshe, ya fi yawa kuwa a cikin ɓawo. A shekarar 2000 aka gwada ruwan rumman a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, aka tarar ƙarfinsa wajen wannan aiki ya ninka na koren shayi sau uku.

Amma ku lura, a cikin kwalba aka yi gwajin nan, cikin mutum kuwa ba kwalba ba ne. Funikalajin ba ya shiga jini sosai yadda yake. Sai ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji sun juya shi ya zama wani abu dabam, ba kowa ne kuwa ke da irin halittun da suka iya wannan aiki ba. Mutum biyu su sha kofi ɗaya ɗaya, abin da ya kai jininsu ya bambanta. Da aka gwada a kan mutane, an ga hawan jini ya sauka kaɗan, amma mutanen ba su da yawa, gwajin kuma bai daɗe ba. Ba a nuna cewa yana warkar da wata cuta ba. A shekarar 2013 ma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta yanke cewa kamfanin POM Wonderful ya ruɗi jama'a da tallarsa, don ya ce ruwan rumman nasa yana maganin ciwon zuciya da ciwon daji ba da isasshiyar hujja ba.

Saboda haka in ka sami rumman ka ci, abinci ne mai kyau. In babu, kada ka kashe kuɗin hatsin gida wajen sayen na kwalba, gama soɓorodo da gwaiba da lemo da jar dawa duk suna da irin waɗannan abubuwa. Wanda likita ya ɗora a kan ƙwayar hawan jini, kada ya bar ta don rumman. Mai ciwon sukari ya tuna ruwan yana da zaƙi, ya yi kaɗan da shi. Mai shan maganin tsinka jini ya gaya wa likita tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne saiwa da ɓawon itacen. A da ana dafa su don fid da tsila, amma akwai dafi a ciki mai kawo jiri da amai da dushewar gani, akwai kuwa maganin tsila mai kyau a ɗakin magani. Yaro kuma in yana zawo, kada a tsaya jiƙa masa ɓawon rumman. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan, a ci gaba da ba shi nono, a kawo shi mu gani tun kafin idonsa ya faɗa.