Damagaram da baƙinta: jawabin da aka karanta a taron rassa

Mun gode wa wakilan Magarya da Matameye da Mirriya da Tasawa, waɗanda wasunsu suka taso tun asuba a bayan kamyo. Maganar da kwamiti ya ɗora mana yau ita ce ta baƙi: masu zuwa Damagaram da dukiya, da masu ratsa ta don ibada, da masu zuwa kallo. Ku saurara da kyau, domin za ku koma ku karanta takardar nan ga waɗanda ba su yi lakwal ba.

Akwai masu cewa nasara ne ya koya mana ciniki. Ƙarya ce. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, ya bi ta Gat da Abzin, ya sauka a Zango. Suna kawo tufafi da takarda da bindigogi, su koma da fatu da gashin jimina. Har da bayi, kada mu ɓoye, wannan tabo ne a tarihinmu. Attajiri irin Malam Yaro yana hulɗa da Larabawan arewa tun nasara bai kama garin ba. Me ya jawo fataken? Ba zaƙin baki ba ne. Sun sami masauki, sun sami kariya a hanya, kuma in an ci musu bashi akwai inda za su kai ƙara. Mai dukiya na yau ma abin da yake tambaya ke nan kafin ya kwance jakarsa.

Faransa ta kama garin a 1899. A 1911 ta mai da shi hedkwatar ƙasa, a shekarar kuma jirgin ƙasa ya iso Kano, sai kaya suka juya kudu, hanyar hamada ta mutu a hankali. A 1926 aka kwashe ofisoshi aka kai Yamai, aka ce Damagaram ba ta da ruwa. Daga nan aka bar mu da gyada. Talaka ya noma, kamfanin nasara ya auna da sikelinsa, ya yanka kuɗin da ya ga dama, abin da ya rage lanho ya cinye.

Don haka ba kowane mai kuɗi za mu yi wa guɗa ba. A 2011 aka buɗe matatar mai ta Soraz a arewa da gari, kan hanyar Tanut, ana turo mata ɗanyen mai daga Agadem. Babban abu ne, ba mu raina ba. Amma duk wanda zai kafa wani aiki a ƙasarmu, tambayarmu gare shi ɗaya ce: 'ya'yanmu nawa za su koyi aikin har su riƙe shi? In mai gadi da ɗan dako kaɗai za a ɗauka, to an maimaita mana labarin gyada. Muna da majemai da dukawa da suka gaji sana'ar kaka da kakanni, amma ana fitar da fata ɗanya, a dawo mana da takalmi mu saya da tsada. Wanda zai zo ya jeme ta a nan, shi ne baƙon da muke nema.

Sai mahajjata. Tsofaffin da ke zaune a nan sun ji labarin masu tafiya Makka da ƙafa. Mutum ya taso da iyalinsa da jaki, ya kwana biyu a Damagaram, ya nufi Barno, ya ƙetara Lami wadda ake kira Njamena yanzu, ya shiga Sudan. A hanya yakan tsaya ya yi ƙodago damina guda ko biyu don ya sami guzuri. Wasu sai bayan shekaru suke dawowa, wasu ba su dawo ba, jikokinsu na can a Mai Wurno suna Hausa kamar mu. Mutanen garin nan sun ciyar da su, sun ba su zaure, ba su nemi ko dala ba. Yau jirgin sama ake shiga. Amma har yanzu manomi yakan sayar da shanunsa ya shigo birni neman takardu, bai iya faransanci ba, sai wani ɗan wayo ya tare shi a tasha ya ce shi ne hanya. Wannan abin kunya ne gare mu, mu da muka iya karatu. Kowane reshe ya ware mutum biyu masu amana da za su riƙa karanta wa maniyyata takardunsu kyauta, su raka su har ƙofar ofis.

Masu zuwa kallo ba za mu daɗe a kansu ba. Rashin kwanciyar hankali ya rage turawa ƙwarai, kuma ba ma rayuwa don su. Kano ba ta kai kilomita 250 daga nan ba, 'yan'uwanmu na can su ne masu kallonmu na farko. Akwai fadar Sarki, akwai hawan ƙaho, akwai duwatsun Birni. Abin da ke damunmu shi ne gidajen ƙasa masu zane a goshi. Kowace damina sai wani ya faɗi, mai shi ya tayar da bulo a wurin, maginin da ya iya zanen kuma ya tsufa ba magaji.

Mun bar ruwa a ƙarshe da gangan. Garin yana zaune kan dutse, ruwan sai an jawo shi daga nesa, daga Gogo da Arunguza. Da wannan hujja aka ƙwace mana hedkwata a 1926, kuma mai masana'antar jima ba zai zo inda mata ke layi a famfo da bazara ba. Kwamiti ya yanke cewa kowane reshe na cikin gari ya ƙidaya famfunan unguwarsa, masu aiki da matattu, ya rubuta kuɗin da ake sayar da jarka a kowane wata. Rassan kasuwanni su kawo sunayen sana'o'in da suka rage a garuruwansu da yawan masu yin su. A miƙa wa magatakarda kafin taro mai zuwa, da shi za mu je gaban hukuma.