Jawabin Cikar Shekara: Labaran Shekarar 2000 da Asusun Haihuwa

Iyayenmu mata, 'yan uwa, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa.

Manyan cikinmu za su tuna abin da rediyo ke kawowa a lokacin da ake shirin shiga shekarar 2000. Mulkin farar hula ya dawo Najeriya a watan Mayun 1999. Ana ta cewa da zarar ƙarfe goma sha biyun dare ya buga ranar 31 ga Disamba, kwamfutocin duniya za su rikice, bankuna su tsaya. Mu da kuɗinmu ke ɗaure a bakin zani, barcinmu muka yi. Gari ya waye lafiya lau.

Labarin da ya tsaya mana a rai daga Mozambik ya zo. A watan Fabrairun 2000 kogin Limpopo ya yi ambaliya, mutane ɗaruruwa suka rasu. Wata mata mai tsohon ciki ta hau bishiya, ta yi kwanaki a sama, ruwa na gudu a ƙarƙashinta, kuma a can naƙuda ta kama ta, ta haifi 'ya mace. Jirgi mai saukar ungulu na sojojin Afirka ta Kudu ne ya ɗauke su. Duk wadda ta taɓa durƙusawa ta san abin da muke nufi.

A watan Satumba na shekarar, ƙasashe 189 suka amince da alƙawarin da aka yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, wanda ya haifar da Muradun Ƙarni guda takwas. Na biyar shi ne namu: a rage mutuwar mata wajen haihuwa da kashi uku cikin huɗu kafin 2015. An rage, amma ba a kai ko rabi ba. To, yau kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa cikin duk mata huɗu da ke rasuwa ta dalilin haihuwa a duniya, aƙalla ɗaya 'yar Najeriya ce. Kuma yawanci abin da muka sani ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ga rashin kuɗin mota da tsakar dare.

Shi ya sa muke roƙon kada a taɓa asusun haihuwa. Mun ji masu cewa a zuba shi cikin rancen jari tunda kaya sun yi tsada. Wallahi mun fahimta. Amma jirgi ba zai zo mana ba, kuma mai mota ba ya jiran a tara adashi. Malamai mazajenmu, don Allah ku bar matanku su je awo, ku kuma ba da izini tun kafin dare ya yi.

Bayan sallar La'asar za a ɗaga hannu kan batun. Ma'aji na nan da littafi, mai bashi ta biya kafin a raba abinci.