Yadda Ƙwayoyin Jiki Ke Shirya Kaya Su Aika: Lacca ga 'Yan Kasuwar Bodija da Mazauna Sabo, Ibadan

Jama'a, duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa Kasuwar Bodija ya ga yadda a ke sauke kaya. Manyan motoci su kan iso daga Arewa da buhunan wake da masara da albasa, kowane buhu da shaidar mai shi a jikinsa. 'Yan dako su kai sito, a kwance, a duba, a auna, a sake ɗaurewa, sa'an nan a ɗora wa ƙananan motoci su rarraba cikin gari. Tun 1987 da aka buɗe kasuwar haka a ke yi. Kafin wannan ma, tun 1916 da aka kafa unguwar Sabo, Hausawan Ibadan sun goge da irin wannan aiki a fataucin goro: a tsince wanda sankara ta ci, a ware manya da ƙanana, a shimfiɗa ganye, a ɗaure huhu, a yi masa shaida, kana ya kama hanyar Kano.

To, makamancin wannan aiki yana gudana cikin jikin kowane mutum dare da rana. Akwai kuma cututtuka biyu da a ke fama da su a gidaje, watau kumburin yara da ciwon sukari, waɗanda sanin wannan aiki ya ke sauƙaƙa fahimtarsu ƙwarai.

An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, watau miliyan sau miliyan har sau 30. Ƙanƙantarsu ta kai in an jera ƙwayoyin hanta 40 zuwa 50, da ƙyar su cika milimita ɗaya. Babbar sana'ar kowace ƙwaya ita ce haɗa furotin, wanda a ke kira sinadari mai gina jiki. Shi furotin kamar carbi ya ke: an jera shi da duwatsu iri 20 da a ke kira amino asid, kuma tsarin jerin ne ke bambanta wani furotin da wani. In mutum ya ci wake ko nama ko kifi, hanji ya kan tsinka carbin, jini ya kwashi duwatsun ya kai wa ƙwayoyi, su kuwa su sake jera su yadda jiki ke bukata.

Wani furotin a cikin ƙwayar ya ke zama ya yi aikinsa. Amma wajen kashi ɗaya cikin uku sai ya bi wata hanya ta musamman, ko dai a kafa shi a bangon ƙwayar, ko a fitar da shi waje. Sinadaran da ke cikin yawu da majina da hawaye da ruwan nono, da masu narkar da abinci a hanji, duk ta wannan hanya su ke fitowa. Hanyar tana da zango biyu.

RAGA DA TASHA

Zango na biyu aka fara gani. A 1898 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, na jami'ar Pavia, ya rina ƙwayoyin ƙwaƙwalwar mujiya da ruwan azurfa, ya duba a madubin likita, sai ya ga wani abu kamar saƙa a gefen cibiyar ƙwayar. Shi wannan Golgi ba baƙo ba ne ga cututtukan ƙasashe masu zafi, domin shi ya nuna cewa tashin zazzaɓin cizon sauro yana bin lokacin da ƙwayoyin cutar ke hayayyafa a cikin jini. Duk da haka an yi shekara fiye da 50 wasu masana na cewa abin da ya gani dattin rini ne kawai. Sai a wajajen 1954, da aka duba da madubi mai aiki da ilektoron, aka tabbatar da gaskiyarsa, alhali ya rasu tun 1926. Abin ya bayyana kamar 'yan jakunkuna shafaffu da aka ɗora wata kan wata, kamar tulin faifai. Shi a ke nufi a nan da tashar Golgi.

Zango na farko kuwa Keith Porter da abokan aikinsa suka gano shi a Amurka a 1945. Masana na kiransa endofilazmik retikulum, ma'anarsa raga ta cikin ƙwaya, saboda haka raga za a riƙa ce masa. Ninki ne na tantani bisa tantani, da lunguna a tsakani, ya mamaye wuri mai yawa cikin ƙwayar. Wani sashensa sumul ya ke, nan a ke haɗa maiƙo, a hanta kuma nan a ke sarrafa magunguna da dafi. Ɗaya sashen yana da kaushi, domin an yayyafa masa 'yan ɗigo-ɗigo da a ke kira ribosom. Su ne masu jera carbin, bisa umurnin da ke fitowa daga cibiyar ƙwayar.

Yaya aka san kaya daga raga su ke tashi su nufi tasha? George Palade da James Jamieson suka nuna haka a 1967. Sun yi aiki da fankiriyas, wata doguwar tsoka mai laushi da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke fitar da ruwan narkar da abinci. Suka yanko ta daga ɓeran Masar, suka ba ƙwayoyinta amino asid mai alama na 'yan mintoci kaɗan, sa'an nan suka bi sawun alamar, kamar mai shafa wa buhu ɗaya jan fenti ya tsaya ya ga inda zai bi. Da fari alamar tana raga. Bayan kamar sulusin sa'a ta koma wajen tashar Golgi. Kafin sa'a biyu ta taru cikin 'yan ƙunshi a bakin ƙwayar, tana jiran fita. An ba Palade lambar yabo ta Nobel a 1974 tare da Albert Claude da Christian de Duve.

Saura tambaya ɗaya: wa ke gaya wa furotin ya shiga raga? Günter Blobel ya ba da amsa a 1975. Ashe duwatsun farko na carbin, galibi 15 zuwa 30, su ne shaidar buhun. Da zarar sun leƙo daga ribosom, sai wani sinadari ya gane su, ya ja ribosom ɗin zuwa wata 'yar ƙofa a jikin raga, carbin ya riƙa zurarawa ciki tun ana cikin jera shi. In ya shiga, sai a yanke shaidar, ta gama aikinta.

A cikin raga a ke yin aiki mafi wuya. Furotin miƙaƙƙe ba shi da amfani. Tilas ya naɗe ya ɗauki siffa guda tak, kamar yadda mabuɗi ba ya buɗe kwaɗo sai haƙoransa sun dace. Akwai wasu furotin mataimaka da ke riƙe sabon har ya naɗu, akwai masu ɗaure shi a wuraren da ya kamata, akwai masu liƙa masa rassan sukari. Wanda ya naɗu daidai a ba shi hanya. Wanda ya karkace a tsare shi, a sake gwadawa. In ya ƙi, a fitar da shi a wargaza, a maida duwatsun ga wani aiki. Tsintar goro ke nan, sai dai a nan babu maigida, babu dillali, babu mai tsawa. Siffar kowane sinadari ce ke sa ya gane ɗan'uwansa, cikin ikon Allah.

Daga nan tantanin raga ya kan kumburo ya tsinke ya zama ɗan ƙunshi, ya ɗauki kayan zuwa tashar Golgi. Su shiga ta fuska ɗaya su fita ta ɗaya, a kowane faifai ana datse rassan sukarin nan ana ƙara wasu. Wannan ba ado ba ne. Bambancin jini rukunin A da rukunin B, wanda a ke dubawa kafin ƙarin jini, bambancin sukari ɗaya ne da a ke liƙawa a wannan tasha. Zaƙin nonon uwa ma a nan a ke haɗa shi. A fuskar fita a ke rabon kaya, kowane ƙunshi da inda za shi. Yadda ƙunshi ke gane ƙofarsa ya haɗe da ita, shi ne binciken da ya sa aka ba James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof lambar Nobel a 2013.

YARO MAI KUMBURI

Wasu kayan ba sa jira, da an gama su sai fita. Haka hanta ke yi da albumin, furotin da ya fi kowane yawa a ruwan jini. Hantar baligi tana zuba giram 10 zuwa 15 kowace rana. Cikin ayyukansa har da riƙe ruwa a cikin jijiyoyin jini. In ya yi ƙaranci, ruwan ya kan tsiyaye ya taru a ƙafafu da fuska.

Raga ba ta jera carbi sai da duwatsu, kuma 9 daga cikin iri 20 ɗin nan jiki ba ya iya haɗa su, sai daga abinci. Yaron da aka yaye aka bar shi da koko tsarara da gari kaɗai zai ƙoshi, amma hantarsa ta rasa kayan aiki. Garin rogo bai kai kashi 2 cikin 100 na furotin ba, alhali wake ya kusa kashi 25. A 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, kuma daga harshen mutanen Ankara aka samo sunansa, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Ƙyanda da gudawa su kan tsananta shi. Fankiriyas ma ta kan rage fitar da ruwan narkar da abinci, sai ɗan abin da yaron ya ci ya wuce bai amfane shi ba.

Haɗarin shi ne kumburin ya kan yi kama da ƙiba, har a yi ta yaba yaro alhali yana cikin hali. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku, a ɗaga. In gurbi ya zauna, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ɗura masa abinci a gida, domin jinyarsa sai a hankali kuma a hannun ma'aikatan lafiya. Rigakafin kuwa yana nan cikin buhunan Bodija, a Nijeriya da ta fi kowace ƙasa noman wake. Abin da hatsi ya gaza wake na da shi, abin da wake ya gaza hatsi na da shi. Shinkafa da wake, ko kunun gyaɗa, ko koko da ƙosai, haɗi ne mai kyau ga yaro.

CIWON SUKARI

Wasu kayan kuma a kan tara su a sito sai an nema. Insulin, sinadarin da ke sa sukarin jini ya shiga ƙwayoyi, irinsu ne. Wasu 'yan ƙwayoyi na fankiriyas ke jera shi da duwatsu 110. A ƙofar raga a yanke 24, watau shaidar, a ciki a naɗe shi a ɗaure wuri uku. Bayan ya ratsa tashar Golgi ya shiga ƙunshi, a cire tsakiyarsa, saura 51. Nan zai zauna har mutum ya ci tuwo sukarin jini ya hau, sai ƙunshin ya haɗe da bangon ƙwayar ya juye cikin jini.

Ga wasu, galibi yara da matasa, garkuwar jiki ce ke hallaka waɗannan ƙwayoyi, sai insulin ya ƙare. Ga mafi yawan masu ciwon kuwa, jiki ne ke daina jin insulin sosai, sau da yawa saboda ƙiba da yawan zama. Sai ƙwayoyin su ninka aiki shekara da shekaru, kaya su yi wa raga yawa, karkatattu su taru, wasu ƙwayoyin su gaji su mutu. Mai rumfa da ya wuni zaune yana kora lemon kwalba, in ya ga yawan fitsari da ƙishirwa da rama, lalle ya je a auna jininsa tun ƙwayoyin suna da sauran ƙarfi.

Tun 1921 Frederick Banting da Charles Best suka tsamo insulin a Toronto ta Kanada, aka fara yi wa mara lafiya allurarsa a Janairun 1922. Mutane su kan tambayi dalilin da ya sa ba a shansa kamar sauran magunguna. Dalili kuwa furotin ne. In an haɗiye shi, ciki zai tsinka shi kamar yadda ya ke tsinka na wake. Kuma tun da amfaninsa na ga naɗinsa, zafin rana da daskarewa duka suna ɓata shi. Kwalbar da ba a buɗe ba a ajiye ta a firiji, ban da wurin ƙanƙara. Wadda a ke amfani da ita ta kan yi kamar mako huɗu a wuri mai sanyi. Inda babu firiji, a sa ta a inuwa cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, kada a bar ta cikin mota ko a aljihun riga a tsakiyar kasuwa.