Harajin Kai da Tukunyar Gida: Daga Yahudawan Fustat zuwa Magarya da Dungas

   

Da aka sanar cewa laccar yau a kan kuɗin shiga, haraji da tsadar rayuwa a gidajen Yahudawa za ta kasance, na san wasu sun ce a ransu: mu da ba mu da Bayahude ko ɗaya a Magarya, ina ruwanmu? Tambayar tana kan hanya. Dalilina shi ne, a duk duniyar Musulunci ta shekaru ɗari takwas zuwa dubu da suka wuce, da wuya a sami jama'ar da aka san lissafin tukunyarta kamar Yahudawan Fustat, wato tsohuwar Alƙahira. An san kuɗin hayarsu, da alkamar da suke ci a shekara, da bashin da ke wuyansu, da abin da mai karɓar haraji ke ɗauka. Abin da takardunsu suka nuna kuwa, kakanninmu a nan sun ɗanɗana shi da sunan lanho, wato harajin kai na zamanin Faransawa.

Yadda takardun suka tsira ba zai ba ku mamaki ba, don mu ma ba ma jefar da takarda mai sunan Allah a juji. Yahudawan suna da ɗaki a majami'arsu ta Ben Ezra, ana kiransa Geniza, inda suke zuba duk rubutun da ya tsufa. Da yake kusan kowace wasiƙa da sunan Allah take farawa, sai komai ya shiga: takardar aure, rasit, ƙorafin matar da miji ya gudu ya bari, jerin masu karɓar sadaka. A 1896 da 1897 wani malamin jami'ar Kambirij, Solomon Schechter, ya kwashe mafi yawansu zuwa Ingila, guntaye kusan 190,000. Yawancin na harkar yau da kullum Larabci ne da haruffan Ibrananci, irin ajaminsu ke nan. S. D. Goitein ya ƙarar da rayuwarsa yana karanta su, ya fitar da littafi mai juzu'i biyar tsakanin 1967 da 1988.

Ga lissafin da ya samo. A zamanin Faɗimiyyawa da Ayyubawa, daga ƙarni na 10 zuwa na 13, dinari 2 a wata kan riƙe gidan mai ƙaramin ƙarfi. Dinari guda wajen dirhami 40 ne. Lebura kan sami dirhami 2 zuwa 3 a yini, gwanin magini 5 ko 6. Abin da ya fi cin kuɗi shi ne alkama. Gida matsakaici kan buƙaci irdabbi 12 a shekara, buhu guda kowane wata ke nan a takaice, kuma duk mai hali yakan saye ta shekara tun da kaka ya zuba a tuluna. Wanda ba shi da hali kullum sai ya sayi gurasa a kasuwa a kan farashin ranar. In kogin Nilu ya ƙi cika, kamar yadda ya faru a 1200 har aka yi yunwar da Abdullaɗif al-Bagdadi ya ba da labarinta, mai tuluna ya rufe ƙofarsa, mai sayen yau da gobe ya shiga uku. Kowa a zauren nan ya san bambancin mai rumbu da mai bin tiya a watan Yuli.

Sai haraji. Sunansa a fiƙihu jiziya, a bakin mutanen Masar jaliya. Malaman da ke nan sun san abin da Risalar Ibn Abi Zaid ta tanada: dinari 4 ko dirhami 40 a kan namiji baligi ɗa, ba a karɓa daga mata da yara, kuma a sassauta wa matalauci. Wannan a littafi ke nan. A ofishin mai karɓa, Ibn Mammati, babban ma'aikacin gwamnatin Salahuddini da ya rasu a 1209, ya rubuta matakai uku: mai dukiya dinari 4 da sudusi, matsakaici 2 da 'yan kai, talaka 1 da kashi biyar cikin takwas.

Ku tsaya a kan wannan lissafi, don nan ne zancen yake. Attajirin da ke aika kaya Indiya, mai jujjuya ɗaruruwan dinari, abin da yake biya bai kai ninki uku na abin da lebura ke biya ba. Shi kuwa lebura mai dirhami 2 a yini, nasa ya kama dirhami 65, ladan fiye da wata guda, ko da bai ci ko loma ba a cikin watan. In yana da samari biyu a gida, a ninka sau uku. Kuma tsabar kuɗi ake so, ba a karɓar alkama ko alkawari. A zamanin Ayyubawa, da aka bi ra'ayin da bai ɗauke wa matalauci ba, takardun sun nuna ana bin tsoho da majinyaci. Wanda ya biya a ba shi takardar shaida, bara'a, wadda ba ya iya tafiya ko'ina sai da ita. Wanda ya kasa sai ya ɓuya a ɗaki, kuma wanda ya ɓuya ba ya fita aiki, bashi ya ƙaru a kan bashi. Wani ya tsere ƙauye ko wata ƙasa, amma sunansa na nan a rajistar garinsu, sai a kama uba ko ɗan'uwa ya biya. Goitein da kansa ya fara da ɗaukar jiziya ƙaramin abu, takardun suka sa ya sake ra'ayi, ya rubuta haka a wata maƙala a 1963.

Kada wani ya fita daga nan da cewa Musulmi ne suka ƙirƙiro wannan. Bayan Rumawa sun rushe ɗakin ibadar Ƙudus a shekara ta 70, sun ɗora wa kowane Bayahude dinarin azurfa 2 a shekara. Sarakunan Ingila sun tatse nasu Yahudawan da haraji kafin su kore su a 1290. A Rasha ta ƙarni na 19 an sa haraji a kan naman da suka yanka bisa ƙa'idar addininsu, har da kyandir ɗin daren Asabar. Daular Usmaniyya ta soke jiziya a tsakiyar ƙarni na 19. Ita ma ƙasar Hausa zancen ya taɓa ta ta wata ƙofa: rikicin Shehu Magili da Yahudawan Tuwat wajen 1492 ya haɗa da ko abin da suke ba shugabannin gari ya cika sharaɗin jiziya. Alƙalin wurin, al-Asnuni, bai yarda da shi ba, amma aka rushe majami'ar Tamanɗiɗ, jama'ar ta tarwatse. Daga nan Magili ya yiwo kudu, har Kano zamanin Muhammadu Rumfa.

A bakin mutanenmu, da an ce Bayahude sai a hango mai kuɗi. Tsofaffin Kano za su tuna da Saul Raccah, Bayahuden Tarabulus da ya yi gogayya da kamfanin UAC a sayen gyaɗa a shekarun 1930. Attajiri ɗaya ake tunawa, ba a tuna masu jiran gurasa. A ƙiyasin Goitein, wajen 1150 kusan ɗaya bisa huɗu na babbar jama'ar Yahudawan Fustat da sadakar al'umma suke rayuwa. Ana raba gurasa ranar Talata da Juma'a, kowane rai ya sami 4 a mako, kowace ba ta kai rabin kilo ba. Kuɗin na fitowa daga karo-karo da hayar gidajen waƙafi. Akwai asusu na tufafi, akwai na fansar waɗanda 'yan fashin teku suka kama, dinari 33 da sulusi kowane kai, kuma Musa bin Maimun, babban malaminsu da ya rasu a 1204, ya sa hannu a irin wannan tarin kuɗi. Akwai kuma jeri na musamman na waɗanda al'umma za ta biya wa jaliya. Mark Cohen, da ya yi littafi a kan talaucinsu a 2005, ya nuna cewa da yawan masu roƙon ba mabarata ba ne. Masu sana'a ne da asirinsu ke rufe, ciwo ko lokacin haraji ya tona shi. Kafin a kai ga roƙo, kayan ɗakin matar gida ne ke fara tafiya jingina, don a takardar aure ana rubuta kowace riga da kowane tasa da kuɗinta.

To mu dawo gida. Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka ɗora haraji a kan kai, daga baya suka ce sai da kuɗinsu za a biya. Ina manomin gero zai samo faran? Dole ya noma abin da Bature ke saye. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa ta buɗe, ƙasar Magarya ta zama cikin manyan wuraren noman gyaɗa a Nijar. Lokacin awon gyaɗa shi ne lokacin lanho, mai awo na nan, mai karɓa na gefensa. Kuɗin na bi ta hannun mai gari da sarki, kuma da tsohuwar rajista ake aiki, shi ya sa ake biya wa wanda ya tafi cin rani, wani lokaci har da wanda ya riga mu gidan gaskiya. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya tsallaka Ɓaɓura ko Maigatari, gari guda kan wayi gari ya ragu. John Collins, wanda ya yi bincike a nan Magarya a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda gyaɗa ke tsallaka iyaka duk gefen da farashi ya fi, kafin kamfanin SONARA na 1962 da bayansa. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Seyni Kountché ta soke babban harajin kai na ƙasa, da kuɗin yuraniyom ya shigo. Abin da ya rage shi ne na kwamin, wato ƙaramar hukuma, wanda har yau a kan kai ake lissafa shi.

Ba na daidaita abubuwan biyu ta kowace fuska. Jiziya a kan addini aka ɗora ta, lanho a kan wanda aka ci da yaƙi. Amma a cikin gida aikinsu iri ɗaya ne: ba sa tambayar me ka samu bana, tsabar kuɗi suke so, kuma suna zuwa ranar da suka ga dama. Manomi ya fitar da wake ko gero da kaka, lokacin da tiya ta fi araha, don ya biya. Da bazara ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada, sau da yawa da kuɗin akuyar matarsa ko na ƙwadago a gonar wani, tasa gonar tana jiran noma. Abin da ya biya a gaskiya ya fi abin da ke rubuce a rasit.

Harajin yau ma ya fi wuyar gani, don ya koma cikin farashi. A farkon 2005 gwamnati ta faɗaɗa harajin kaya na kashi 19 cikin ɗari zuwa madara, fulawa, sukari, ruwa da wuta. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, da Nouhou Arzika a gaba, ya rufe garuruwa a watan Maris, har Zinder, gwamnati ta janye mafi yawansa a Afrilu. A shekarar nan ce yunwa ta cika asibitoci da yara, kuma tun lokacin likitocin MSF ke aiki a Magarya. Mu na bakin iyaka muna da ƙarin wani nauyin da ba majalisarmu ke yanke shi ba: karyewar sefa a Janairun 1994, rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kowanne sai da ya taɓa kuɗin mota zuwa Maigatari da farashin ragon da aka kai can.

Ba cewa nake kada a biya haraji ba. Kwamin da ba ta tara kuɗi ba za ta gyara rijiya ko aji ba, kuma mai jiran baƙo ya gina masa komai ba shi da bakin magana. Abin da nake roƙon masu riƙe da ma'aikatun magajin gari da sarakunanmu ya fi haka sauƙi. A sabunta rajista kowace shekara, a cire mamaci da wanda ya ƙaura, don kada mai gari ya riƙa cike gurbi daga aljihun maƙwabta. A bar mutum ya biya kashi biyu, rabi bayan an sayar da riɗi da wake, rabi lokacin da rake da kayan lambun fadama suka fito ko 'yan cin rani suka aiko. Shugabannin Yahudawan Fustat ba su da ikon rage ko dirhami guda daga abin da sarki ya yanka, duk da haka sun riƙe jerin sunayen waɗanda ba za su iya ba, suka biya musu kafin a kai ga kamu. Mu muna da zakka, muna da bankunan cimaka, muna da adashin mata, kuma kowane mai unguwa ya san gidajen da hayaƙi ba ya tashi kullum. A rubuta jerin a gaban liman da mai gari kafin watan karɓa, a ajiye kwafi a kwamin.