Miyar Ganye a Daren Hunturu: Jawabi ga Mazauna Fatakwal

Jama'a, hunturun Fatakwal bai kama ƙafar na Kano ko na Katsina ba. Yakan leƙo a Disamba da Janairu, ya yi 'yan makonni ya wuce. Duk da haka, wanda ya wuni yana ciniki a kasuwar Mile One ko Mile Three, ya komo gida bayan magariba da sanyi a jika, abinci mai zafi yake bukata, wanda ba zai ci lokaci ba. A nan ne mutane da dama ke kuskure. Ɗan ci-rani ya sha shayi da burodi ya kwanta, yau haka, gobe haka. Maigida kuwa ya ce a dakata da miyar taushe sai ran da mota ta iso daga Arewa da alayyafo da yakuwa.

Wannan jira ba shi da amfani. Tsakanin Kano da Fatakwal akwai wajen kilomita 1,000, ganyen da ya kwana a bayan mota kuwa ya riga ya yi yaushi, ya rasa kaso mai yawa na bitamin C. Alhali ga ugu nan ɗanye shar a kowace kasuwa, haka ma a Ose ta Anacha da Ogbete ta Inugu. Ugu ganyen wata irin kabewa ce mai yaɗo, yana da sinadarin ƙarfe da jiki ke bukata wajen yin jini, musamman ga mata masu ciki da yara ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa a rana. Shayi da burodi ba su ba shi ko giram ɗaya.

Ga yadda uwargida, ko gwauro mai dafa wa kansa, zai gama miyar cikin rabin sa'a. A fere kabewa, a yanka ta ƙanana domin ta nuna da wuri. A jajjaga albasa da tattasai da attaruhu da tumatir, a soya su sama-sama a manja. Kada a bar manjan a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, gama jan nan nasa shi ne jiki ke mayarwa bitamin A, mai tsare lafiyar ido. Sa'an nan a zuba ruwa kofi uku, da kabewar, da daddawa, da bandar kifi, wadda ba ta wuyar samu a garin bakin ruwa irin wannan. In kabewa ta yi laushi, a farfasa ta da ludayi, a dama niƙaƙƙiyar gyaɗa a zuba, a bar ta ta yi kauri.

Ganye shi ne na ƙarshe, kuma a nan ake ɓata miya ko a gyara ta. A wanke shi tukuna, sa'an nan a yanka. Wanda ya yanka kafin ya wanke, ya zubar da amfanin tare da ruwan. Wankin kuwa a yi shi da kyau, sau biyu ko uku, a ruwa mai tsabta. Mutanen Fatakwal ba su manta da baƙar kunkunniyar da ta fara sauko wa garin a ƙarshen 2016 ba, wadda ta riƙa baƙanta har kayan da aka baje a kasuwa. A zuba ganyen, a rufe tukunya minti biyar, a sauke. Al'adar jefa kanwa don ganye ya yi laushi, ko da an gaje ta daga iyaye, ɓarna ce, domin kanwa tana kashe bitamin. Gishiri kuma kaɗan ya isa, mai aidin, tun da daddawa da kifi sun riga sun ba da ɗanɗano.

Ana iya ci da tuwon shinkafa, amma mai sauri ya tuƙa teba ko ya dafa doya. Wanda ba ya iya kwana sai ya sha shayi, to, ya jinkirta shi kamar sa'a guda bayan cin abinci, saboda shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye. Abin da ya ragu a tukunya, inda babu firji, a sake tafasa shi sosai da safe kafin a ba yara.