Biyan Bashi Kafin Wa'adi

Yau maganarmu a kan bashin banki ce. Ba zancen mai taurin bashi za mu yi ba. Zancen mutumin kirki ne, wanda Allah ya buɗa masa kafin wa'adi, ya ce bari ya je ya sauke nauyi.

A tsakaninmu, in ka ranci kuɗi wurin maƙwabci, ka mayar tun kafin kaka, godiya zai yi maka. To, banki ba maƙwabci ba ne. Shi da ruwan kuɗi yake ci. In ka biya da wuri, ka rage masa abin da ya sa rai. Domin haka waɗansu bankuna sukan sa wani kuɗi a kan mai biya kafin lokaci.

Ga misali, ku ɗauko alli mu yi lissafi tare. A ce wani manomi daga Batagarawa ya shigo birnin Katsina, ya karɓi naira 120,000, zai biya cikin wata 12. Kowane wata yana kai 10,000 na uwar kuɗi, da 3,000 na ruwa. Da ya yi wata 6, sai ya sayar da sansa a kasuwar Charanci, ya zo zai biya duka. Saura 60,000 ke nan na uwar kuɗi.

In takardar da ya sa wa hannu ta ce sai ya biya ruwan watannin da suka rage, 78,000 zai ba da. Watau gaggawarsa ba ta rage masa ko kwabo ba, ga shi kuwa ya rabu da sansa. Amma in takardar ta ce a yafe sauran ruwa, ya biya biyu cikin ɗari na abin da ya rage, 61,200 kurum zai ba da. Ku cire mu gani. Tsakaninsu 16,800! Mutum ɗaya, bashi ɗaya, layi guda a takarda ya raba.

Kun ga abin da ya sa muke damunku da karatu. Wanda ya dangwala yatsa bai san abin da ya yarda da shi ba. Kafin ka sa hannu, ka ce wa akawu, "Malam, in na biya kafin wa'adi, nawa zan biya? Nuna mini wurin da aka rubuta." Kada ka ji kunya. In bai nuna ba, kada ka sa.

Akwai kuma kuɗin ɗawainiya da akan cire tun ran da aka ba ka bashin. A ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da ita a Janairun 2020, an ce kada bankunan kasuwanci su wuce ɗaya cikin ɗari. Wannan kam kada ka sa rai zai dawo.

Waɗansunmu ba su son ruwa, sukan je bankin da ke bin tsarin Musulunci, kamar Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. A irin wannan banki akwai cinikin da ake kira murabaha. Banki ya sayi kaya, ya sayar maka a kan kuɗin da kuka yanke. Tun da ciniki ne ya faɗa, biya da wuri ba ya tilasta ragi, sai in bankin ya ga dama. Nan ma sai ka tambaya tun farko.

Ran da ka gama biya, kada ka fito hannu wofi. Ka karɓi takardar shaida cewa ba a binka kome. Ka karɓi takardar gona ko ta gida da ka ba da jingina. Ka kuma gaya wa wanda ya tsaya maka, ya san an sake shi. In an cire abin da ba ka gane ba, ka rubuta wa bankin kukanka, ka ajiye kwafi. In ba su warware ba, ka kai ƙara Babban Bankin Nijeriya, yana da reshe a nan Katsina.