Kyautar Ƙoda

 Yau da 'yan makaranta nake magana, samari da 'yan mata.

Allah ya ba mutum ƙoda biyu, aikinsu tace jini. Idan duka biyun suka lalace, ɗan'uwa mai lafiya yana iya ba da tasa guda, ya rayu da ɗayar. A asibitin Malam Aminu Kano an fara wannan dashe tun 2002.

Amma fa ku lura. Dokar lafiya ta 2014 ta hana a cire ƙodar wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa, gama kyauta ce. To, ku da ke bakin iyaka, in wani ya yi muku tayin kuɗi ko aiki a ƙetare saboda ƙodarku, kada ku bi shi. Ku gaya wa iyayenku da malamin asibiti nan da nan.